Jailosi da Allurar 'Yarsa Towera

Yayana Jailosi Msowoya maƙerin gwangwani ne. Yana da rumfa a bakin titin kasuwarmu, nan arewacin Malawi, inda yake ƙera bokiti da butar ban-ruwa da murhun gawayi. Ni ce ƙanwarsa, kuma gidana da nasa shinge ɗaya ya raba, don haka babu abin da ya same shi wanda ban gani ba ko ban jiyo ta shingen ba. Mutum ne marar yawan magana. In ka kawo masa bokiti mai yoyo, zai ɗaga shi ya duba ta hasken rana, ya ce "gobe," shi ke nan hirar ta ƙare.

Matarsa kuwa, NyaKumwenda, ita ta ɗauki rabon maganar gidan duka. Da sunan gidan ubanta muke kiranta, kamar kowace matar aure. Shi kuma Ada Msowoya ake ce masa, don a wurinmu "Ada" kiran girmamawa ne ga namiji, kamar yadda "Amama" yake ga mace. Manomiya ce ta gaske, masara da gyaɗa da kabewa, kuma ba ta taɓa ganin abin da bai yi mata ba ta haɗiye shi.

Ɗansu na fari ƙyanda ce ta ɗauke shi yana da shekara biyu. A lokacin ba mu da ko ɗakin shan magani, sai ka yi tafiyar wuni. A goye a bayan Jailosi yaron ya cika, kan hanya. Shi ya sa da gwamnati ta ce za ta gina mana ƙaramin asibiti in mutanen gari sun kawo tubali, Jailosi ya rufe rumfarsa sati uku yana kwaɓa ƙasa. Da aka yi rufi, shi ya ƙera indararon ginin bai karɓi komai ba. Tun daga nan ba ya cewa "asibitin gwamnati," sai dai "asibitinmu."

Towera ita ce ta huɗu a 'ya'yansu, kuma auta. Tana da shekara tara ta fara ramewa. Ga ci, ga sha, amma kullum kamar ana zare mata nama. Sai ta shanye kofi uku na ruwa ta ce har yanzu maƙogwaronta a bushe yake. Uwarta ce ta fara lura da cewa duk inda yarinyar ta yi fitsari a bayan gida, kiyashi sai su taru.

Sau uku Jailosi ya kai ta ƙaramin asibitinmu, sau uku malamin asibitin yana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro. Ba mugu ba ne, shi kaɗai ne a kan mutum sama da ɗari a wuni, kuma abin gwajin da yake da shi ke nan. A na ukun NyaKumwenda ta jefar da ƙullin maganin a tsakar gida.

"Wannan yarinyar ko jikinta bai yi zafi ba," in ji ta. "In ka kai masa karyayyar ƙafa ma sauro zai ce. Ada Msowoya, ka kai ta Boma, ko kuwa in kai ta wurin mai maganin gargajiyar da uwata ta faɗa."

Washegari ya ɗora ta a keke zuwa babban titi, suka hau motar ɗaukar taba har Boma, inda babban asibitin gunduma yake. Can wani likita matashi ya sunsuna numfashinta, ya tsaga mata yatsa, ya duba wata 'yar na'ura, sannan ya ajiye biro.

"Ada Msowoya, ciwon suga ne."

"Suga? Likita, mu da ba ma shan shayi sai Kirsimeti?"

"Ba daga abin da ta ci ba ne. Jikinta ne ya daina yin wani abu da ya kamata ya yi. Allura za a riƙa yi mata, safe da yamma."

"Har kwana nawa?"

Likitan ya dube shi ya ce, "Har tsawon ranta, Ada. Amma maganin kyauta ne, gwamnati ke bayarwa."

A jikin ɗanyar gwanda aka koya masa yin allurar. Hannunsa duk tabon yankan gwangwani ne, yatsun sun yi kauri, da ƙyar yake riƙe ɗan siririn sirinjin. Sati biyu suka yi a asibitin, suka dawo da kwalabe biyu ƙanana da littafin asibiti mai ruwan ɗorawa. NyaKumwenda ba ta iya kallon allura tana shiga jikin 'yarta, don haka aikin ya zama nasa. Kullum kafin ya tafi rumfa, kullum kafin a zauna cin nsima, tuwonmu na masara, da yamma.

An gaya masa maganin ba ya son zafi, mu kuma ba mu da wutar lantarki. Sai ya samo tulu babba da ƙarami, ya sa ƙaramin cikin babban, ya cika tsakaninsu da yashi yana jiƙa shi safe da yamma. Ya ƙera ɗan gwangwani mai murfi daidai kwalaben. Daga baya wasu iyaye biyu da suka haɗu da shi a layin asibiti sun zo har gida sun ga yadda ya yi, ya ƙera musu nasu.

Ciwon dai ya lafa, Towera ta yi ƙiba, ta koma makaranta. Abin da bai lafa ba shi ne zirga-zirgar. Ƙaramin asibitinmu ba ya ajiye irin wannan magani, sai Boma, kuma na wata ɗaya kacal ake bayarwa. Don haka kowace Talatar farkon wata Jailosi zai rufe rumfa, ya fita da asuba da yarinyar, don in ba ka isa kafin a raba lamba ba, ka yi asarar ranar. Za su zauna kan benci har rana ta take. In an ga likita, sai layin tagar ba da magani. Wani watan a samu komai. Wani watan a samu maganin babu sirinji, sai ya yi ta amfani da tsoho har bakinsa ya dakushe, yarinyar tana cije leɓe. Wani watan na'urar gwaji tana nan amma 'yan takardun da ake ɗiga wa jinin sun ƙare, likita ya dubi idonta kawai ya rubuta abin da ya rubuta watan jiya. Wani watan kuma mai tagar ya ce, ko kansa bai ɗaga ba, "Mota ba ta zo ba. Ku dawo Alhamis."

Ranar da irin wannan ta faru, na san ba za a yi barci da wuri a maƙwabtana ba. Na tuna wata yamma ina zaune muna ɓare gyaɗa da NyaKumwenda, ya shigo ƙura har gira, hannu wofi.

"To, mai asibiti ya dawo," in ji ta. "Me asibitinka ya ba ka yau?"

"Alhamis."

"Alhamis za mu tsira mata a cinya?"

"Akwai saura a tulu. Zai kai."

"Suna cewa kyauta, kyauta. Ƙafarka ba kuɗi ba ce? Rumfar da ka rufe fa? Je ka duba 'ya'yan manya ko akwai wanda ya taɓa zama kan wannan bencin."

Ya zauna ya cire takalmi a hankali, ya ce, "Na shiga kantin magani a birnin Mzuzu na tambayi kwalba ɗaya. Ko zan ƙera bokiti wata guda ban ci ban sha ba, ba zan saya ba. In ba don su ba, da yanzu tana kusa da yayanta."

NyaKumwenda ta ci gaba da ɓarar gyaɗa da ƙarfi. Can ta ce, "Ban ce ba su yi ba. Na ce sun gajiyar da kai."

Haka suka yi ta wannan gardamar shekara da shekaru, ba wanda ya ja wani zuwa gefensa.

Towera tana da sha biyar aka yi wata damina mai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gadar da ke tsakaninmu da babban titi ta tafi. Jailosi ya zagaya ta kan tudu a ƙafa, ya isa Boma a jiƙe, aka ce masa babu magani, motar da ke kawowa ita ma ta maƙale a hanya. Ya koma bayan kwana huɗu, babu. Sai ya fara rage wa yarinyar allurar don abin da ke tulu ya ja kwanaki. Bai gaya wa kowa ba. Ranar Asabar da hantsi Towera ta fara amai, numfashinta ya yi nauyi, kafin azahar ana kiranta ba ta amsawa.

Maza huɗu suka ɗauke ta a kan ƙyauren ɗaki suka haye rafi da ita, ruwa har ƙirji. Ni da uwarta muna biye da tukunya da garin masara a ka, don mun san wanda ya kwanta a Boma, danginsa ke dafa masa, su ke wanke shi.

Ɗakin mata gado arba'in ne, amma masu kwanciya sun fi sittin, wasu a katifa a ƙasa, wasu a ƙarƙashin gadon wasu. Nas guda ɗaya ce a kansu, wata doguwa mai suna NyaHarawa. Da ta ji labarin, ta juyo kan Jailosi a gaban kowa.

"Wa ya ce ka rage mata? Kai likita ne? Ku mutanen ƙauye sai kun kashe yaro ku kwaso mana gawa."

Jailosi ya sunkuyar da kai, hularsa a hannu. NyaKumwenda kuwa ta ajiye tukunya.

"Ke 'yar nan, sau biyu mijina ya tako nan cikin ruwa, kuka ce babu. In bai rage ba me zai tsira mata, ruwan rafi? Shekara shida bai taɓa tsallake rana ɗaya ba. Ki iya bakinki, ya isa ya haife ki."

Na riƙe mata zane ina cewa ta yi haƙuri, don ina tsoron kada a yi fushi da mu a bar yarinyar. Nas ɗin ta sa wa Towera ƙarin ruwa, ta fita. Bayan kamar awa guda ta dawo da kwalba ɗaya a aljihun rigarta. Daga baya muka ji cewa asibitin mishan da ke bayan gari ta tura mai keke, ta roƙi wata ƙawarta aro.

Kwana uku Towera ba ta san inda take ba. Mu muna rumfar masu jinya a bayan asibiti, mata sun fi ɗari, kowacce da murhunta na duwatsu uku, hayaƙi ya cika ido, famfo ɗaya. Maza ba sa shiga ɗakin mata sai lokacin ziyara, don haka Jailosi a gindin wata bishiya yake wuni, daidai tagar da gadonta yake. A rana ta huɗu ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa.

Wata rana da azahar NyaKumwenda ta kai kwano ɗakin, ta tarar da nas ɗin zaune a kan bokiti a bayan ƙofa, ta cire takalmi, ƙafafunta sun kumbura, tana cin gasasshiyar masara busasshiya. Tun jiya da safe take aiki, wadda za ta canje ta ba ta zo ba. NyaKumwenda ta koma rumfa ta zubo nsima da miyar ganyen kabewa, ta ajiye a gabanta.

"Ci. Ba don kin iya magana ba."

"Na gode, Amama."

Iyakar sulhun da suka yi ke nan. Kwana goma sha tara muka yi kafin a sallame mu. Towera ta tashi, amma idonta na hagu bai koma daidai ba, kuma ba ta ƙara komawa makaranta ba. Jailosi bai taɓa yin maganar rage allurar ba, amma na san abin yana cinsa. Daga lokacin ya daina zuwa wasan bawo da yamma, inda tsofaffi ke taruwa kan allon dara a gindin mangwaro.

Bayan shekara biyu wasu manya suka zo daga ofishin gunduma da farar mota, suka tara iyaye a cocinmu wai suna son jin ra'ayinmu game da asibitocin gwamnati. An raba lemon kwalba. Mutane suka yi ta tashi, wannan ya gode, wancan ya yi ƙorafin ana zagi, wata ta ce an bar ta ta haihu a baranda. Sarkin ƙauye ya ce Ada Msowoya ya yi magana, tunda babu wanda ya kai shi sanin hanyar Boma. Ya tashi da ƙyar.

"Ni ba ni da ƙara a kan kowa," in ji shi. "'Yata tana raye, da maganinku take raye. Abu ɗaya nake roƙo. Ku kawo maganin nan ƙaramin asibitinmu. In babu firji, ni zan yi muku tulu. In kuma ba zai yiwu ba, to ranar da babu, ku aiko a faɗa mana kafin mu fito. Na tsufa da hanyar nan."

Wata mata mai tabarau ta rubuta, ta ce magana ce mai muhimmanci ƙwarai. NyaKumwenda daga bayan coci ta ce, yadda kowa zai ji, "Ki rubuta da kyau, 'yata, kada ruwa ya wanke." Aka yi dariya, aka watse.

Shekara biyar bayan nan aka kawo firji mai aiki da hasken rana ƙaramin asibitinmu, aka fara ajiye maganin. Ko maganarsa ce ta jawo, ko dama can an shirya, ba mu sani ba. A lokacin Towera ta kai ashirin da biyu, ta daɗe da koyon yi wa kanta allura, tana ɗinki a kasuwa da ido ɗaya da rabi. Ta auri wani malamin firamare, ɗan gidan Chavula, mutumin kirki, wanda kafin a ɗaura aure sai da Jailosi ya zaunar da shi ya ba shi ɗanyar gwanda da sirinji. Da ta yi ciki likitoci suka kwantar da ita a Boma wata biyu kafin haihuwa, aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji lafiyayye. Ba a karɓi ko kwacha ɗaya ba. NyaKumwenda ta sake yin wata biyu a rumfar hayaƙi, ta dawo tana tari, tana cewa ba a taɓa yin wuri mai ƙazanta irin wannan ba, kuma likitan da ya yi aikin, Allah ya yi masa albarka.

Mun ɗauka Jailosi zai huta. Sai ya fara ciwon kai, yana jin jiri in ya sunkuya kan maƙera. Malamin asibitinmu, wani sabo, ya auna shi ya ce jininsa ya hau sosai, ya je Boma a duba zuciyarsa. Jailosi ya karɓi takardar, ya ninke, ya sa a aljihu, bai je ba.

Na same shi a rumfa na ce, "Yaya, kai da ka kai wani shekara goma sha uku, kanka ne ba za ka kai ba?"

"Na yi nawa zaman," ya ce, yana daidaita bakin bokiti.

"Ai ba na wani ba ne yanzu, naka ne."

"Shi ya sa. A da ina da dalili."

Towera ta yi kuka, surukinsa ya roƙa, fasto ya zo har gida. Duk ya amsa musu da "to," amma bai je ba. Wadda ta fi kowa zagin asibiti ita ta fi kowa matsa masa. Ta shingen nake jiyo ta kullum da safe.

"Asibitinka ne fa, kai ka yi masa tubali. Tashi mu je su ba ka Alhamis ɗinka."

"Bari a gama girbi."

An gama girbi, aka shiga wani. Wata safiya guduma ta faɗi daga hannunsa na hagu, bakinsa ya ɗan karkace. A wannan karon ba a tambaye shi ba, surukinsa ya ɗauko mota. Kwana takwas ya yi a ɗakin maza, a katifa a ƙasa don babu gado. Maganarsa ta dawo, ƙafar ma ta dawo, hannun ne bai dawo duka ba.

Yanzu NyaKumwenda ce ke zuwa karɓo masa ƙwayoyin hawan jini kowane wata, da littafinsa ɗaure a bakin zane. In ta samu, ta dawo tana faɗa a kan layi. In ba ta samu ba, ta dawo tana faɗa a kan gwamnati. Shi kuma yana zaune a rumfa, ba ya iya ƙera sabon bokiti, sai 'yan gyare-gyare, ya matse abu tsakanin gwiwoyinsa ya yi aiki da hannu ɗaya.

Makon jiya na kai masa butata da hannunta ya cire. Ya juya ta, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Na tambaye shi jikin, ya ce da sauƙi. Na ce ko yana shan maganin, ya ce in akwai yana sha. Sai ya tambaye ni ko na ji an ce za a zuba kwalta a titinmu bana. Na ce na ji ana faɗa.

"Za su yi," ya ce. "Sai dai ba da wuri ba."

Ya ce in bar butar, in aiko a ɗauka ranar Juma'a, don yanzu aikin wuni ɗaya kwana uku yake ɗaukarsa.